Asuwakin Malam Lawwali

Kowace safiya Uwaliya kan karyo reshen darbejiya ta yi wa mijinta, Malam Lawwali, asuwaki. Dasashinsa ba ya son tauri, shi ya sa take daddaka bakin iccen da dutse sai ya yi laushi.

'Yan bindiga suka kashe shi a gonar albasa, ita kuma ta koma Rabah, gidan ƙanwarta Raihana. Da safe Raihana ta iske ta tsugune tana daddaka icce.

"Yaya, mi na ne na dakawa? Ke ai dasashinki lafiya lau."

Uwaliya ta dubi iccen. Ta sa shi a baki, tana goge haƙora a hankali, yadda Malam yake yi. Ko ɗacin ba ta ji ba.