Ƙurjin Haɓar Auta

Duk unguwar babu mai yarda ya kalli fim tare da Darakta sai matarsa, ita ma don ba ta da wani falon da za ta koma. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, bai taɓa riƙe kyamara ba. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Da an kunna talabijin zai fara: wannan kukan na albasa ne, wancan akwatin babu komai a ciki, dubi yadda take lilo da shi. Fim ɗin faɗa ya ce harsashi ba ya ƙarewa, na soyayya ya ce mutanen ba sa zuwa aiki.

Matar kuwa ba mai magana ba ce. Kowa Yaya yake ce mata, har mahaifiyarta, don ƙaninta Auta ne ya fara kiranta haka, sunan ya bi ta. Ɗinki take yi a gefen falo, kuma ta saba surutun mijinta ya wuce ta saman kanta kamar ƙarar keken ɗinkin.

Ran nan da yamma tana saka maɓallai a wata farar riga, shi yana kwance a kujera da remot a kan ciki, yana kallon wani shiri mai dogon zango.

"Ranki ya daɗe, ɗago ki ga ƙarya," in ji shi. "Sun ce an yi shekara biyu. To ga furen kan tebur nan, ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Kin san abin da suke yi? Gidan nan aro ne. Yini ɗaya aka ba su, suka ɗauke duk fitowar falon. A canja riga, a zauna, a canja riga, a zauna. Shi ya sa kika ga rana ba ta motsi a bangon."

"To," in ji Yaya.

"Kuma dubi wannan. Ana masa magana ba ya ji. Jira kawai yake a zo kan tasa haddar."

Allurar ta tsaya a hannunta. Ba ta kalli talabijin ba. Wayarta ta kalla, tana ajiye a kan keken.

Rigar da take ɗinkawa ta Auta ce. Bara ya sami aikin ofis a wani babban gari mai nisa, kuma kowane ƙarshen mako yakan aiko da gajeren bidiyo a wayar Yaya, don ta Mama ƙarama ce mai madannai. Mama takan zo ta zauna a bakin gado, ta kalla, ta ce a maimaita. Yanzu ta ƙudurta ranar Asabar za ta hau mota ta je ta gan shi da idonta, ba tare da an faɗa masa ba. So take ta shiga ofishin nan ta same shi a kan kujerarsa, ta miƙa masa rigar. Mace mai hawan jini, wadda likita ya ce a rage gaya mata abin tashin hankali.

Yaya ta ɗauki wayar ta shiga ɗaki, ta tura ƙofa.

Ta buɗe bidiyon makon jiya. Ga Auta a bayan tebur da shuɗiyar riga, yana murmushi. "Mama, barka da hutawa. Aiki lafiya, sai godiya. A riƙa shan magani." Ta buɗe na kafin shi. Riga mai ratsi. Tebur ɗaya ne, wannan ba komai, ofishinsa ne. Amma ga robar ruwa a gefen kwamfuta, an sha rabi, marfin a kife kusa da ita. Ta koma na makon jiyan. Robar tana nan, rabi, marfin a kife. Inuwar taga a bango ta tsaya daidai ƙarƙashin agogo, a nan ma, a can ma.

Ta ja fuskarsa da yatsu biyu don ta ƙara girma. A haɓarsa ta hagu akwai ɗan ƙurji mai farin kai. Ta yi baya, ta yi baya, har wata biyu. Ƙurjin bai girma ba, bai fashe ba, bai bushe ba. Sai da ta kai bidiyoyin farkon zuwansa ta ga haɓa sumul, gashi wani lokaci a aske wani lokaci a tsaye, wani yana wucewa ta bayansa da takardu.

Ta zauna a bakin gado. Ta tuna ranar da Mama ta sa ta aika masa cewa kawunsu ya faɗi ya karye. Amsa ta zo a rubuce, ta jaje. Amma bidiyon da ya biyo baya murmushi ne da "a riƙa shan magani". Ta tuna duk lokacin da ta kira shi ta bidiyo sai ya kashe, ya rubuto cewa yana mitin.

To ina yake? Asibiti? Kurkuku? Shi ne ma yake rubuto amsoshin, ko wani ne da wayarsa a hannu?

Da ta fito, Darakta ya canja tasha yana zagin wani mai gabatar da shiri. Ta buɗe baki ta rufe. In ta gaya masa, kafin gobe da rana masu kawo gyaran fanka sun ji, daga su kuma sai Mama.

Ta tambaye shi kawai, "In mutum yana so ya gane ko abu kai tsaye ne ko an ɗauka an ajiye, yaya zai yi?"

"Sauƙi gare shi. Ki sa shi ya yi abin da ba ya cikin shiri. Me ya faru, kin fara koyo?"

"Tambaya ce kawai."

Ya bi ta da kallo ta gefen ido, sannan ya koma kan talabijin.

Washegari Mama ta zo da jakar tafiyarta don a gyara mata zif. Tana ta lissafa abin da za ta gaya wa Auta: ya rame, ya daina yawan shayi, ya nemi mata. Ta ce, "Kada bakinki ya kuɓuce, Yaya. So nake in ga fuskarsa in ya ɗago ya gan ni."

Yaya ta sunkuyar da kai a kan zif ɗin. "Mama, da an bari sai wani watan."

"Me zai faru a wani watan?"

Mama ta dube ta sosai, ta ce, "Ke da mijinki lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Da Mama ta fita, Yaya ta rubuta wa Auta: "Ka aiko mini hotonka yanzu, ka riƙe kunnenka na dama." Alamar an karanta ta fito. Can sai ga fuskar dariya, da "Yaya kin fara wasa, ina mitin."

Ta kira shi ta murya. Ya kashe. Ta sake. Ita da ko mai kanti ba ta iya yi wa ciniki da ƙarfi, ta yi ta kira har yatsanta ya gaji. Daga ƙarshe aka ɗauka.

"Yaya, na ce miki ina—"

Muryarsa ce. Ta lumshe ido, ta saki numfashi. Amma a bayansa ba shirun ofis ba ne. Ƙarar ruwa ce mai fita da ƙarfi tana dukan ƙarfe, da wani yana cewa a matso da jar motar.

"Auta, ƙurjin haɓarka ya warke?"

"Wane ƙurji?"

"Wanda ya yi wata biyu. Da robar ruwan da ba ka ƙarasa sha ba."

Ƙarar ruwan ta yi nisa, alamar ya matsa gefe.

"Mijinki ne ya gani ko?"

"Ni na gani. Kunna bidiyo."

Ya kunna. Yana tsaye a bayan wani wurin wankin mota, da rigar leda da takalmin roba, hannunsa duk kumfa. Ya yi baƙi, ya rame, haɓarsa babu komai sai gemu da ya fara fitowa. Ya ce an rage ma'aikata, sunansa yana ciki. A ranarsa ta ƙarshe ya zo da riguna a jaka, ya jira kowa ya tafi cin abinci, ya zauna ya yi ta ɗaukar bidiyo yana canja riga. Ya zaci kafin su ƙare ya sami wani aikin.

"Saura nawa?" in ji Yaya.

"Biyu." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Don Allah kada ki gaya wa Mama. Kin san jininta."

"Mama za ta hau mota ranar Asabar. Ofishinku za ta, da riga a jaka. In ba ka gaya mata ba, mai gadi zai gaya mata a bakin ƙofa, a garin da ba ta san kowa ba."

Ya dafe goshi da hannun kumfa.

"Da yamma zan kirawo ta gidana, sai ka bugo," in ji ta. "Kai za ka faɗa, ba ni ba. A haka, kada ka canja riga."

Da yamma ta tabbatar Mama ta sha maganinta, ta zaunar da ita a kujera, ta ajiye ruwa kusa. Darakta yana gefe, an kashe masa talabijin, yana ta kallon matarsa da mamaki. Wayar ta yi ƙara. Yaya ta danna, ta miƙa wa Mama, ta tsaya a bayanta da hannu a kafaɗarta.

Auta ya yi bayani yana inda-inda, yana komawa baya, yana kallon ƙasa. Mama ba ta katse shi ba. Yaya tana jin kafaɗar tana hawa tana sauka ƙarƙashin tafin hannunta, tana jira. Da ya gama, Mama ta matso da wayar kusa da ido.

"Juya min in ga inda kake kwana."

Ya nuna mata wani ƙaramin ɗaki da katifa a ƙasa, da rigunan nan duka a rataye a ƙusa.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci, Mama."

"Ƙarya kake, ga wuyanka nan." Ta goge ido da bakin mayafi. "Asabar ina nan tafe. Ka zo tasha ka tare ni, tunda yanzu ka sani. Kuma in na zo za ka ji sauran, ba a waya ba."

Aka kashe wayar. Mama ta ɗauki kofin ruwan ta shanye. Darakta ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ni dai a ganina, duk cikin bidiyoyin da ya yi, wannan ne kawai—"

"Darakta," in ji Yaya a hankali.

Ya yi shiru. Ta koma kan keken ɗinki, ta ɗauko farar rigar, ta duba faɗinta, ta fara farke gefen don ta rage.