Jardan ɗin Shef Rabilu

"Ɗaga ta wajen kafaɗa, Baba Zaidu, kada kanshi ya bugi ƙarfen," in ji Abdulmalik.

Zaidu ya ɗaga. Tsohon, Shef Rabilu, ba shi da nauyi ko kaɗan, buhun dusa ya fi shi. Suka kwantar da shi bisa katifar da Zubaida, matar tsohon, ta shimfiɗa a kan amalanken jaki. Ta tura matashi ƙarƙashin wuyansa, ta ja zane ta rufe masa sawu.

Abdulmalik ya ja baya yana kaɗe wandonsa. Tun ranar da likita ya sallami mahaifinsa Rabilu, ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ya rufe shagonsa na Dogon Dutsi ya dawo Tibiri.

"Ni dai, Inna, ban ga amfanin tafiyar nan ba. Mutum cikin wannan hali karatu ya kamata ya ji a kunne, ba kiɗan wayoyin samari ba."

"Ubanka ya ce a kai shi," in ji Zubaida. "Tun da anka maido shi bai roƙi komi ba sai wanga."

Zaidu ya kama igiyar jaki. A ransa yana bayan yaron, sai dai dalilinsa daban ne.

Rabilu ma'aikacin gandun daji ne a da, shi ya sa kowa ke ce masa Shef, wato shugaba. Shekarun baya wani poroje, wato shirin raya karkara, ya zo ya kewaye fili a bakin gari, kan hanyar Dumega, da waya. Aka gina bencuna na siminti, aka kafa lilo, aka dasa itatuwa, aka ce wurin shan iska ne na jama'a. Mutane suka sa masa Jardan. Poroje ya naɗe tabarmarsa ya tafi, Rabilu ya zauna da wurin, har bayan ya ajiye aiki. Zaidu kuwa, da katanga ɗaya ta raba gidajensu, shi ke jawo masa ruwa a tano, wato ganga.

Da ciwo ya kwantar da Rabilu, Zaidu ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci. Sai ruwan rijiya ya yi ƙasa, bayansa ya soma kama shi. Yau ya je, gobe bai je ba, har ya daina. Amma duk maraicen da ya leƙa gaisuwa, Rabilu sai ya tambaya, "Ina labarin Jardan?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Shef."

Yanzu ga su a hanya, rana ta karkata amma zafin bazara bai sake ba. Zaidu ya bar jakin yana tafiyar ganin dama. A mararraba ya karya ta wajen kasuwa, ko Allah zai sa barci ya ɗauki tsohon a juyo gida.

"Zaidu."

"Na'am, Shef."

"Hanyar ba nan take ba."

Zaidu ya juya kan jakin. Abdulmalik na biye da su a ƙasa, yana amsa gaisuwar masu cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Babu ƙofa a Jardan ɗin yanzu, domin babu shingen da za a yi wa ƙofa. An warware wayar kaɗan-kaɗan, sauran turakun ƙarfe tsaye tsirara. Layin dogon yaron da ke gefen gabas ya koma kututture. Ƙananan dashen da Rabilu ya bari da tsawon gwiwa awaki sun gama da su, sai ramukan, cike da baƙar leda. Lilon ba sarƙa. Abin da ya rage shi ne manyan gawo na tsakiya da tsamiya guda, waɗanda gatari ya ji wa nauyi.

Zaidu ya tsai da amalanke, ya zuba wa kunnuwan jakinsa ido.

"Tada ni," in ji Rabilu.

Abdulmalik ya hau ya tallabe shi a ƙirji. Tsohon ya bi wurin da kallo a hankali, daga gabas zuwa yamma. Numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan guga.

"Wa ya yi wannan ɓarna?" Muryar Abdulmalik ta sauya. Rabonsa da wurin tun yana lakwal, yana ɗan makaranta. "Baba Zaidu, kuna gani aka yi haka?"

Kafin Zaidu ya amsa, wani saurayi da ƙwallo a hammata ya matso, abokansa na jira a fili.

"Baba, don Allah ku ɗan matsa da amalanken. Kun tare muna gola."

"Kai, ka san ko wane ne wannan?" in ji Abdulmalik.

Saurayin ya dubi tsohon da ke cikin zane, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Kafaɗun Rabilu suka motsa. Sai da Zaidu ya duba da kyau ya gane dariya ce.

"Matsa musu, Zaidu. Kai ni gindin gawo."

Akwai mutane a inuwar. Dattawa biyu na dara a cikin rairayi, wasu 'yan mata na kitso a kan benci, wata mai fura ta sauke ƙwaryarta tana hutawa. Masu darar sun gane shi. Suka taso suka gaishe shi, suka tsaya jim, sa'an nan suka koma ga wasansu. Rabilu ya ce a sauke shi ƙasa, ba kan katifa ba. Abdulmalik ya so ya yi musu, ya fasa. Ya zauna a rairayi ya ɗora kan uban bisa cinyarsa.

Zaidu ya tsuguna gefe.

"Shef, ruwan ne ya..."

"Bari." Rabilu ya ɗaga yatsa. "Daga ɗakina ina jin hitar amalankenka. Na san randa ka bar biyowa nan." Ya huta. "Ka gaji ne?"

"Na gaji, Shef."

"Ni ma."

Samarin suka fara wasansu, ƙura na tashi. Rabilu ya shimfiɗa tafinsa a kan rairayi, idonsa a rassan gawo. Can Abdulmalik ya soma karatu ƙasa-ƙasa, yana kore masa ƙuda da hularsa. Ba su tashi ba sai da masu dara suka kwashe 'ya'yan dararsu.

Kashegari da hantsi, Zaidu na ɗaura wa jaki kaya, ya ji salatin Zubaida ta bayan katanga. Ya kwance abin da ya ɗaura, ya wanke hannu, ya shiga.

An kai Rabilu makwancinsa kafin azahar. A zaman makoki wani ya ce ya kamata a gyara Jardan a sa masa sunan marigayi. Kowa ya ce ƙwarai kuwa, hira ta koma kan tsadar hatsi. Ranar da Abdulmalik zai koma Dogon Dutsi ya sami Zaidu a ƙofar gida.

"Baba, in na aiko da waya da dashe, za ka iya kula da wurin?"

Zaidu ya girgiza kai.

"Bayana ya ƙare, ɗana. Nemi mai jini a jika."

"To. Zan duba, in sha Allahu."

Ya rataya jakarsa ya nufi tasha. Zaidu ya koma ciki ya zauna a inuwar katanga, ya miƙe ƙafafunsa. Daga can gidan ya ji Zubaida ta fara daka. Taɓarya ta sauka sau kaɗan, ta yi shiru. Ya jira. Sai can ta ci gaba, a hankali.