Harafi Ɗaya, Numfashi Ɗaya

"Ba ni buroshin nan, Baba!" in ji 'yarsa, tana tsaye a kansa da ledar magani.

"Zo ki ƙwata," ya ce, ya cusa shi ƙarƙashin cinyarsa.

Ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa, rungume da katakon da zai zama allon shagona na ɗinki. Maƙwabcinmu ne, Baba Mai Fenti. Duk allon da ke layinmu, na mai aski, na mai gyaran waya, hannunsa ne. Yanzu ƙirjinsa ya ƙi, likita ya hana shi ko warin fenti.

"Mai Keke, shigo mana," ya ce da ni. "Kunyar nan za ta kashe ki kafin tarin nan ya kashe ni."

"Baba, a bar shi sai ka ji sauƙi."

"Wa ya ce miki sauƙin na tafe? Ajiye nan."

'Yarsa ta fita tana share ido. Na buɗe masa gwangwanin jan fenti.

Haka yake aiki tun ina yarinya: zai ja iska ya riƙe, ba ya saki sai harafin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ba ya komawa gyara. ƊINKI zai rubuta. Na farko ya fito ƙato, da ƙugiyarsa kamar yana ɗaga hannu. Na biyu ya ɗan rage. Daga nan kowanne ya fi na gabansa gajarta, don iskar ba ta kai shi. Kafin na ƙarshe ya yi tari har buroshin ya faɗi. Na ɗauka, ban san ko in ɓoye ba.

"Kawo," ya ce.

Ya ja harafin ƙarshen, ɗan guntu, bai fi yatsa ba. Ya jingina da bango yana haki, yana dariya.

Bai sake fita ɗakin nan da ƙafarsa ba. Da hantsi muka ji kukan 'yarsa ta katanga.

Bayan an watse daga zaman makokinsa, surukinsa mai shagon buga takardu ya ga allon a jingine.

"Ƙanwata, wannan ai kamar mai gangarowa daga tudu. Bari in buga miki a kwamfuta. Akwai rubutu irin na buroshi, sai ki rantse hannu ne, kuma haruffan duk kansu ɗaya."

Ban taɓa kallon mutumin nan a ido ba. Ranar na kalla.

"Ba na so."

"Za a yi miki dariya."

"Su yi."

Na ari guduma, na hau kujera, na kafa shi da kaina, na buge babban yatsana ma.

Da yamma 'yar Baba ta zo wucewa da bokiti. Ta ajiye, ta yi ɗage, ta ɗora yatsanta a kan harafin ƙarshe. Ya rufe shi daidai. A ciki na ci gaba da taka kekena a hankali.