Faya-fayan Alhamis na Abla Nawal

Ranar da kwamfutar asibitin yara na marigayi Likita Hamdi ta mutu a garin Tanta, hankalin kowa ya tashi in ban da Nawal, wadda kowa ke kira Abla, wato Yaya. Shekara goma sha ɗaya tana sakatariya a wurin, kuma duk Alhamis kafin ta tashi aiki sai ta kwafe bayanan marasa lafiya a faifai, irin wanda ake rubuta wa sau ɗaya, ba gogewa ba ƙari. Ga su nan jere a kwalayen takalma, kowanne da kwanan watansa. Ai ko sabon likita bai isa ya taɓa mata su ba.

A benci kuwa Ummu Shahd ce zaune tun hantsi. Ranar Lahadi za a yi wa 'yarta aikin zuciya a Alƙahira, kuma likitocin can sun ce lallai a kawo sunan allurar da ta kusa kashe yarinyar tana jaririya. Uwar ba ta riƙe sunan ba, wanda ya rubuta shi kuma yana kabari.

"Sha shayinki, 'yar uwa," in ji Nawal. "Yanzun nan za ki tafi da takardarki."

Injiniya Ashraf, mai gyaran da aka kira, ya zura faifan makon jiya a tasa kwamfutar yana tsokanarta. "Abla, wa ke faifai a zamanin nan? Ke da fir'aunoni."

"Rufe mini baki, ɗan nema. Naku na zamani ba ga shi can ya mutu ba?"

Dariyar tasa ba ta daɗe ba. Ya cire, ya sa wani. Ya sa na bara, ya sa na shekara biyar baya. Nawal ta ga ya daina kallonta.

"Abla, nuna mini yadda kike kwafewa."

Ta nuna masa da yatsa, ranta a ɓace: ɗan hoton nan mai kibiya da ke fuskar kwamfuta, shi take ja ta jefa cikin faifai, kamar yadda ta ga marigayi likita na yi.

Ashraf ya dafe goshi. "Wannan ba bayanan ba ne. Alama ce kawai mai nuna inda suke, kamar allon kan titi. Su suna cikin wadda ta mutu."

"Duka?"

"Duka, wallahi."

"To gyara mana! Ba aikinka ba ne?"

"Me zan gyara? Abin da aka rubuta ya zauna ke nan. Ita kuma waccan na buɗe ta, cikinta ya ƙone."

Innalillahi! Ta zauna daɓas a kujera. Faifai sama da ɗari biyar, ta kare su daga rana, ta kare su daga ƙura, ta hana kowa taɓawa, ashe wofi take gadi. Kunya da tsoro suka rufe ta. Ta runtse ido tana laluben sunan allurar nan a kanta, ita da ta buga shi da hannunta, amma ko harafin farko bai zo ba.

Aka ƙwanƙwasa gilashin taga. Ummu Shahd ce, da murmushinta, ta ɗago kofin da ta shanye.

"Abla, na gama shayin. Takardar ta fito?"