Turmin Barira

Da hantsi Illo ya mirgino gungumen itacen aduwa tsakar gida yana haki, rigarsa duk farin siminti. Wani direba mai ɗauko tumatir daga Abalessa ne ya kawo masa shi a bayan mota. Matarsa Barira ta dubi itacen, ta dubi mijin, ta tambaye shi ko raƙumi za a gasa a gidan. Ya ce turmi zai sassaƙa mata.

Dariya ta yi, amma ta san dalili. Bikin 'yarsu Salima ya matso. Yarinyar ce ta zaɓi Sufyanu da kanta, saurayin kirki mai shagon atamfa a kasuwa, kuma an gama haɗa komai, daga katifa har tukwane. Waƙa ce kawai babu.

A ƙauyensu Barira, can gefen Tasawa, ba a kai amarya ɗaki sai an yi mata waƙarta a bakin turmi. Ranar dakan biki mata kan kewaye turame suna lugude, wata ta ɗauko sunan amarya ta saƙa shi da na kakanninta, sauran su amsa. Da waƙar nan amarya ke tafiya gidan miji, da ita take renon 'ya'yanta. A zamanin 'yanmatancinsu Barira ce mai ƙagowa. Ba ta taɓa zama ta tsara ba. Taɓarya na sauka, magana na zuwa. Har 'yar Fulanin da ke kawo musu nono sai da ta sami tata.

Sai yunwa ta kore su zuwa Tamanrasset, Salima na goye. A unguwar Tahaggart ba ka jin daka da safe, sai rediyo da ƙugin manyan motoci. Gari a buhu yake zuwa, burodi kuma dogo kamar sanda. Barira ta koyi ciniki da Larabci, ta koyi turara kuskus har maƙwabta na yabawa, waƙa kuwa ta ɗauke mata ɗif. Ta sha gwadawa tana wanki ko shara, abin ya ƙi. Kewar sautin taɓarya ta fi kewar fura damunta, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Ga kuma wata damuwar. Salima 'yar fari ce, Barira ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take cewa, in kuma da baƙi, "yarinyar nan". Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Da a gida ne, Rakiyatu ƙanwar Barira ce za ta yi waƙar, uwar kuwa ta shige ɗaki ta yi kamar ba bikin gidanta ake ba. To Rakiyatu na can, hamada ta raba su. Salima kuma a nan ta tashi, tana jin iyayen ƙawayenta na ƙwala musu kira daga bakin ƙofa. Tana ƙarama ta taɓa dawowa daga lekkol, wato makaranta, ta tambaya ko Inna ta manta sunanta ne. Barira ta ce ta je ta wanke kwanuka, amma tambayar ba ta bar ranta ba.

Illo ɗan masassaƙa ne, gini ya raba shi da gizago. Ya sa wani maƙeri ya ƙera masa ɗaya da ƙarfen tsohuwar mota, ya duƙufa duk ranar Juma'a da ba a zuwa aiki. Barira kan zauna kusa tana tsince shinkafa, tana kushe aikin: baki ya karkace, gindi ya yi tsawo. Shi kuwa sai murmushi, don ya daɗe bai ga tana da abin kushewa haka da zuciya ɗaya ba. Da ya gama ya shafe turmin da man gyaɗa, ya ajiye a inuwa ya bushe a hankali, yadda ubansa ke yi. Abin da ya manta, inuwar Tasawa tana da laima, iskar nan kuwa kafin azahar ta busar da burodi. Wata safiya suka tarar turmin ya tsage daga baki har ƙugu.

Barira ta zuba geron da ta saya wurin 'yan kasuwar Maraɗi, ta ɗaga taɓarya ta sauke. Gero ya tsiyaye ta tsagar. Ta sake, ya sake tsiyayewa, ba waƙa ba alamarta. Illo ya ɗauki hularsa ya fita.

A haka Lalla ta same ta. Maƙwabciyarsu ce, Buzuwa daga wajen Agadas, mai Hausa a baki da yawan tsokana. Ta ƙwanƙwasa turmin da zobenta, ta kara kunne.

"Ku Hausawa, in turmi bai cika muku ciki ba sai ku ce ya mutu," ta ce. "Wanga da ransa. Samo mani fatar akuya."

Tende take nufi, gangar matan Buzaye, wadda ba komai ba ce illa turmi da aka rufe wa baki da fata. Lalla ta ƙi taɓa aikin, nuni kawai take yi. Barira ce ta kankare gashin fatar, ta jiƙa ta, ta yanki siririyar igiya daga jikinta ta ɗaure tsagar tun tana ɗanya don in ta bushe ta matse. Ta shimfiɗa sauran a baki, ta ja igiya har tafin hannunta ya yi ja, suka ratsa taɓare biyu a gefe don a zauna a kansu fatar ta ɗame. Ta gwada da yatsa ɗaya. Sautin ya shiga mata har ciki.

Ranar biki da la'asar mata suka cika gidan, Hausawa da Buzaye da Larabawan layin. Amarya na zaune kan tabarma, lulluɓe. Lalla da 'yan'uwanta suka yi nasu waƙoƙin, aka yi tafi, aka yi guɗa. Sannan Lalla ta yayyafa wa fatar ruwa, ta jawo hannun Barira.

"Haba Lalla, ɗiyar fari ce," Barira ta ce ƙasa-ƙasa. "Uwa ba ta yi."

"To wa za ya yi? Nuna mani shi cikin gidan ga."

Barira ta duba. Babu gwaggo, babu inna, babu ko mutum ɗaya da ya san sunan kakar yarinyar. Ta ji kunya ta rufe ta, ta ji tausayi ya fi kunyar. Ta ɗora tafukanta a kan fatar, ba kiɗan Buzaye ta yi ba, lugude ta yi, saukar taɓare suna bin juna. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta gane shi nan take, ta soma tafi. Maganar ta zo da kanta, kamar dā.

"Jikar Gwamma mai faɗin tsakar gida,
a goye kika ƙetare rairayi,
ba ki sha ruwan rijiyarmu ba,
ga shi na kawo miki a baki."

Mata suka amsa. Aka zo gurbin da sunan amarya ke shiga, Barira ta yi shiru, hannuwanta na ci gaba. Kiɗan ya zagayo, ta sake yin shiru. Illo na tsaye a zaure, ya sunkuyar da kai. Da kiɗan ya sake zagayowa ta rufe ido.

"Salima," ta rera. "Salima tawa."

Amarya ba ta magana ranar bikinta, kowa ya sani. Amma daga ƙarƙashin lulluɓin aka ji murya, irin ta yarinyar da aka kira daga bakin ƙofa.

"Na'am, Inna."

Barira ba ta ɗaga kai ba. Ta ce wa Lalla ta ƙaro ruwa, fatar ta fara bushewa.