Mashigin Atika

Baba Kabo ya riga ya sauke itacen shingen kafin motar ta gangaro. Da Mamman direba ya taka burki, hancinta bai fi kamu biyu da itacen ba. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Jar ƙasar hanya tana tururi, ƙoramar da ke ƙarƙashin sabuwar gada kuma ta fara gunaguni.

"Tsoho, wannan har ruwa ne?" in ji Mamman, ya leƙo ta taga. "Yayyafin da ko kaza bai jiƙa ba?"

"Sauko ka taka ka gani."

Mamman ya diro, takalminsa ya nutse har idon sawu. Fasinjojin da ke bisa buhunan gyaɗa suka kwashe da dariya.

"To, kazar ta jiƙa," Baba Kabo ya ce. "Sai gobe warhaka."

Haka dokar En'e ta ce a wancan lokaci. In an yi ruwa, babbar mota ba ta bin hanyar Batsari zuwa Safana sai ƙasa ta kwana ta sha iska, don kada tayoyi su yi mata kunya irin ta gona. Baba Kabo aka ba tsaron shingen. Kafin a gina gada shi ne mai fito a wurin, shekara fiye da talatin yana tura mutane da kayansu cikin wani ƙaton masaki, shi yana iyo a baya. Ni maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ta raba gidajenmu. In na taso daga gona nakan zauna kan kututture kusa da shi, ya yi ta magana ni kuwa ina ji. Ba ni da yawan zance, shi ya sa muka daɗe tare.

Ran nan da safe malamin hanya ya zo a kan keke ya kafa wata takarda jikin ginshiƙin shingen, ya wuce. Ba wanda ya san abin da ta ƙunsa.

"Armaya'u," Baba Kabo ya ce mani, "kai da ka yi furfura kana zama gaban allon bature, zo ka gwada mana amfaninka."

Shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Na sa yatsa ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, mutane suka kewaye ni. Kada mota ta hau gada da gudun da ya fi sassarfar mutum. Kada motoci biyu su haɗu a kanta. Kada fasinja ya zauna da ƙafafunsa a waje. Wani bafulatani da ke bisa buhu ya janye nasa a hankali, aka yi dariya. Sai na zo ƙarshe. Daga yau kowace gada da lamba za a san ta, kuma ba a yarda a rubuta wani suna jikin allonta ba. Tamu ita ce ta bakwai.

"Lamba Bakwai," in ji Mamman, yana ɗanɗana kalmar. "Kun ga an fara wayewa. Haka ake yi a hanyar Kano."

"Shi ke nan abin da aka rubuta?" Baba Kabo ya tambaye ni.

"Shi ke nan, Baba."

"Duba ƙasa-ƙasa. Wani lokaci sukan ƙara magana ƙanana."

Na duba. Hatimi ne kawai.

Tun ina yaro Mashigin Atika ake kiran wurin. Na san labarin kamar yadda kowa ya sani, sama-sama. Baba Kabo yana da ɗiya, Atika, mai shekara goma sha ɗaya. Wata rana da rana tsaka ta ɗauko masa fura, ta shiga ƙoramar ruwa iyakar gwiwa, shi yana wancan ƙetare. A garinmu ko hadari babu. Ashe an kwana ana ruwa a dajin Ruma. Ya iso gaba ɗaya kamar bango. Ƙwaryar furar kaɗai aka samu. Daga nan sunan ya bi wurin, har waɗanda ba su san ko wace ce ba suna faɗarsa.

A daminar nan sunan ya fara janyewa. Ba wanda ya hana faɗarsa, amma lamba sabuwa ce, tana da daɗi a baki. Matan da ke kai nono kasuwa suka koma cewa Lamba Bakwai. Masu jakuna daga Wagini, su ma haka. Da can duk wanda ya taso daga Safana sai ya tambaya a hanya, "Mashigin Atika ya cika?" Gada kuwa ba ta cika, ba a tambayarta. Mutum ya haye ƙafarsa a bushe, ko kallon ruwan bai yi ba.

Baba Kabo ya fara ramewa. Inno, ƙanwarsa da ke dafa masa tuwo tun rasuwar matarsa, ta ce mani ta kan danga, "Abokinka dai tsuntsu ya fi shi ci." Maganarsa ma ta sake hanya. Sai ya yi ta ba ni labarin ruwa: yadda na farkon damina ke da warin toka, yadda na Agusta ke jan mutum ta ƙugu ba ta ƙafa ba. Wani lokaci ya tsaya tsakiyar zance yana saurare, kamar an kira shi daga nesa.

Wata la'asar muna zaune, wani mai jaki ya yi sallama ya tambaya ko nan ce Lamba Bakwai. Baba Kabo ya ce nan ce. Da mutumin ya haye, Baba Kabo ya daɗe yana kallon bayansa.

"Yau kwana goma sha tara," ya ce.

"Da me, Baba?"

"Da na ji sunan a bakin wani. Wata tsohuwa ce daga Yasore, ita labarin takardarku bai kai mata ba."

Na san in na jira sauran zai zo.

"Ɗiyar fari ce, Armaya'u. Ka san ba a faɗa. Ran suna liman ya raɗa mata, ni ina bayan gida ina gyaran danga da ba ta lalace ba. In zan kira ta sai in ce, ke. Uwarta ta ce, waccan. Har ta tafi bakina bai taɓa riƙe shi ba, kuma ba yanzu zai fara ba." Ya shafa gwiwarsa. "Amma kunne ba shi da kunya. Kana tsammanin don son ruwa na zauna nan? A yini ɗaya sai in ji shi sau ashirin. Wani ya faɗe shi da fushi, wani da gajiya, wani yana dariya. Kamar dai tana nan cikin gari ana ta aikenta."

Ni da na yi shekaru ina sauraronsa, ban taɓa gane wannan ba. Na duba cikin kaina, sai na tarar ni ma rabona da faɗar sunan tun ranar da na karanta takardar.

"Baba, ina da gawayi. Gobe in rubuta shi ƙarƙashin lambar."

"Kai ka karanta da bakinka an hana."

"Wa zai gani?"

"Ni. Ni da nake tsare mutum da matarsa da awakinsa kwana guda saboda takarda, in bar ka ka ɓata allon En'e don ni? Kuma in ka rubuta, da wane ido zan ji shi?"

Na buɗe baki zan faɗa masa sunan a nan take, sai ya ɗaga hannu. "Ba kai ba. Kai yanzu tausayi ne zai faɗa."

Ana fara yankan gero ya kwanta. Ya ƙi ɗakinsa na cikin gida, ya ce a shimfiɗa masa a bukkar da ke bakin shinge, inda masakinsa ke rataye. Malamin hanya ya yarda in riƙe masa aikin kafin ya tashi. Inno tana zaune wajen kansa tana kore ƙuda. Wasu lokuta yakan ɗauka ni wani fasinja ne na da, ya ce in zauna tsakiya kada masaki ya karkace. Wata rana ya ce bukkar tana tafiya, ko ba mu ji ba? Inno ta ce, "Muna ji, Yaya." Ya ce to kowa ya riƙe kayansa.

Ranar wata Laraba bayan azahar aka yi ruwa mai nauyi, irin na bankwana. Na sauke shinge. Ba a jima ba sai ga motar Mamman.

"Yau almajirin ne a bakin aiki? Ina shugaban masu tsare bayin Allah?"

Na ja shi gefe, bayan motar. Ban saba ba da labarin wani ba, kuma wannan amana ce. Na tsaya ina kallon taɓon da ke jikin taya har ya ce, "Malam, in magana ce ka yi." Sai na gaya masa zancen sunan. Abin da na faɗa a wurin ya fi wanda nakan faɗa a mako.

Mamman bai yi dariya ba. Ya ciro goro, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

"Nawa ɗan farin yana Funtuwa wajen kawunsa," ya ce. "In na je sai in ce, kai, zo nan."

Ya kakkaɓe rigarsa ya nufi bukkar. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jiki, ya gaida Inno. Daga nan ya koma muryarsa ta kullum.

"Tsoho, kana kwance ma ba ka bar mu ba. Ka koya wa wannan shiru-shirun mugunta. Na gaya wa mutanen Safana yau zan iso, ga ni zan kwana a Mashigin Atika ina ciyar da sauro."

Idon Baba Kabo ya buɗe. Ya daɗe yana kallon jinkar bukkar.

"A ina ka ce?"

"Mashigin Atika."

"Kunnen ya yi nauyi, ɗan nan. Matso."

Mamman ya matsa har gwiwarsa ta taɓa tabarma. "Na ce duk direban da ke bin hanyar nan ya sani, ba a wuce Mashigin Atika da wayo."

"Haka suke cewa?"

"Har Katsina."

"Maƙaryaci," in ji Baba Kabo, gefen bakinsa ya motsa. "Ƙara faɗa dai."

Inno ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Ban san abin da Mamman ya gaya wa fasinjojinsa ba. Amma da suka sauko suna neman itacen hura wuta, sunan ya fara yawo a bakin shinge. Wata mata ta tsayar da mai jaki ta ce ya gaya wa mijinta a Wagini ruwa ya tsare su a Mashigin Atika. Wani dattijo ya ce shi tun yana saurayi aka fitar da shi a Mashigin Atika cikin masaki, yana ta salati. Wasu sun ɗan ɗaga murya fiye da bukata. A cikin bukka Baba Kabo ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan tabarma kamar mai jan carbi.

Washegari rana ta fito da ƙarfi. Da azahar ta yi na shiga wurinsa.

"Hanya ta bushe?" ya tambaya, murya can ƙasa.

"Ta bushe, Baba."

"Ka taka?"

"Na taka."

"To ɗaga masu."

Na fita na ɗaga itacen. Motar ta hau gada a hankali, da sassarfar mutum kamar yadda takarda ta ce. Tana tsakiya na ji muryar Inno tana salati. Mamman ma ya ji. Ya ƙarasa hayewa, ya tsaya a wancan ƙetare ya kashe injin. Hanya a buɗe take har Safana, amma mutane suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka dawo da ƙafa ta kan gadar. Da su aka yi wa Baba Kabo salla, Mamman yana cikin masu ɗaukar makara.

Bayan addu'ar bakwai Inno ta ce in ɗauke masakin, ganinsa yana hana ta sakewa. Na sauko da shi. Ya fi yadda nake zato rashin nauyi, an ɗinke tsagarsa wuri uku. Na gangara da shi bakin ƙorama don in wanke masa ƙura, na ajiye shi a kan yashi na juya ina neman ganyen gogewa. A sama, kusa da allon da ke ɗauke da lambar nan, wata mai tallan nono tana tambayar 'yar'uwarta ko a Mashigin Atika za su huta ko sai gaba.

Da na waiwayo, ruwa ya riga ya ɗaga masakin. Ban bi shi ba. Ya juya sau ɗaya a hankali, ya shiga inuwar gadar, ya fita ta wancan gefe cikin rana, ba kowa a ciki, yana tafiya daidai ba ya karkata.