Akushin 'Yar'azumi

'Yar'azumi ta ɗaga murfin akushi ta tarar da abin da ta san za ta tarar: malmala huɗu na tuwon dawa a jere yadda ta kwashe su jiya da magariba, babu wadda aka ko ɓantari gefenta. Miya kuwa an tsince kifin cikinta tas, an bar mata kukar ta daskare. Ta mayar da murfin da ƙarfi har kaji suka watse.

Wannan ya faru ne a cikin rani na shekara ta 1290 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1873, zamanin Sarki Haruna na Haɗejiya, a wani ƙauyen masunta da ke gabas da Auyo. Al'adar ƙauyen ita ce ciyayya: bayan sallar magariba magidantan unguwa su taru a zaure guda, kowane gida ya fito da akushinsa, a ci na wannan a koma na wancan. Amma akwai ƙa'idar da ba a faɗa kuma ba a karyawa. Mai akushi shi ke fara sa hannu a tuwon gidansa. In bai taɓa ba, ba wanda zai taɓa.

Kwana talatin da tara ke nan Umara, mijin 'Yar'azumi, bai sa hannu a tuwonta ba. Ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar kunu, ya bar shinkafar da shi da kansa ya noma a fadama. Ba ya cin komai sai kifi da dafaffen zogale da tsagwaron nono. Kuma bai gaya wa kowa dalili ba.

Ta same shi a gindin tsamiyar tsakar gida yana shafa wa gorarsa mai. Gora ita ce ƙatuwar ƙwaryar nan rufaffiya da masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi iyo, yana tura homa, wato ragar kamun kifi, a gabansa. Yau ce ranar su, ranar da ake buɗe babban tafki ga masuntan ƙauyuka bakwai bayan ruwan kogi ya janye.

Ta dire akushin a gabansa. “Ga abincin kaji, Malam. Ka duba ko su ma za su ƙi.”

Bai ɗago ba. “Ki ɗauke mini shi daga nan.”

“Shekara ashirin da shida kana cin tuwon hannun nan har kana neman ƙanzo. Me na zuba a ciki yanzu? Faɗa mini in sani, tunda dai gari ya riga ni sani.”

“Ban ce kin zuba komai ba.”

“Ba ka ce ban zuba ba!”

Ta tsaya tana kallonsa, fushi da tausayi na kokawa a ƙirjinta. Bara war haka Umara shi ne mafi ƙiba a duk bakin kogin. Ya wuce shekara hamsin, tumbi ya yi masa yawa, in ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, gwiwoyinsa na ƙara. Ranar su ta bara, a gaban jama'ar ƙauyuka bakwai, ya kifa ciki a kan gora ta nutse da shi, ta kuɓuce ta ɓullo ta bayansa. Dariyar da aka yi har makaɗa suka sa ta a waƙa. Shi da ubansa da kakansa duk masu fara shiga ruwa ne, amma ranar a bakin gaɓa ya wuni.

Yanzu ga shi, rigarsa na reto a jikinsa. Gaskiya ne gwiwa ta daina damunsa, ya kuma daina minsharin nan da ke hana ta barci. Amma fatar wuyansa ta saki, bakinsa na wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar kanya, ciwon kai ba ya barinsa, sai ya kwana huɗu bai zaga ba, ga jijiyar ƙafa da ke ɗaure masa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba ya koma mai tsawa a kan ɗan ƙaramin abu.

Ƙauye ya haɗa biyu da biyu. Magidanci ya ƙi tuwon matarsa, kuma yana ramewa: ai ba sai an tambayi malami ba. An ce sammu ta yi masa, ya gane, kunya ta hana shi faɗa. Da farko mazan zaure sun daina kallon akushinta. Daga baya mata suka daina aron muciyarta. Jiya kuma Iya Larai, tsohuwar da ke shugabantar damun furar ranar su, ta aiko mata cewa bana ta huta, hannaye sun isa.

“Iya Larai ta ce kada in dama fura,” in ji 'Yar'azumi. “Ni da na gaji wurin daga uwata. Ka ji, ko yunwa ta toshe maka kunne?”

“Ki yi haƙuri zuwa gobe.”

“Me ke cikin goben?”

Ya miƙe, ya ɗan yi tangaɗi kamar ƙasa ta motsa, ya dafa tsamiya har jirin ya wuce. Sannan ya saɓa gora, ya ɗauki homa. “Na ce zuwa gobe!” Ya daka mata tsawa ya fita.

Daga nan ta shiga ɗaki ta auno gero, ta surfa, ta daka da irin ƙarfin da har maƙwabta suka ji turmi na amsawa. Ta dafa, ta kirɓa, ta cura, ta dama da nonon da aka kawo daga ruga da safe. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta ɗora a ka.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da ta isa tafki. Ruwa ya yi baƙi da mutane, goruna na yawo kamar kawunan dorina, makaɗa na kiɗa a gaɓa. Mata sun jera ƙoren fura a inuwar giginya. Da suka hango ta sai hira ta mutu. Iya Larai ta ce, “'Yar nan, ai na aika miki.”

“Saƙo ya iso, Iya. Ba taku na kawo ba.” Ta wuce ta zauna ita kaɗai a rana, ƙwaryarta a gabanta.

Daga nan ta hango shi. Gora ta ɗauke shi cak. Yana can tsakiya, gaba da samari, yana tura homa yana ɗagowa da tarwaɗa. Wani makaɗi ya ambaci sunansa da na kakansa. Duk da abin da ke cinta, sai da ta ji wani abu ya motsa a ranta, domin rabon da ta ga ƙafafun nan na dukan ruwa haka tun tana goyon ɗanta na fari.

Bai daɗe ba. Aikin su ba na mai wofin ciki ba ne, ga zafin rani da ke tafasa ƙwaƙwalwa. Ta ga homar ta kuɓuce masa. Ta ga ya kai hannu ga ƙwaurinsa, ya karkace, gora ta juye. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Shu'ibu, ƙanensa, shi da wasu mutum uku suka jawo shi gaɓa. Aka kwantar da shi a kan ciyawa, leɓɓansa sun yi fari, ƙafarsa ta dama ta sandare, yatsunta sun lanƙwashe. Aka yi ta salati, ana yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido bai iya ɗaga kai ba, jikinsa sai rawa yake.

Shu'ibu ya juyo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya nuna ta da yatsa. “Ga shi nan, kin gani. Hankalinki ya kwanta? Mun yi shiru don girman Yaya, amma yau sai an je gaban mai gari.”

'Yar'azumi ta tashi, ta ɗauki ƙwaryarta. Jama'a suka dare mata hanya, ba don girmamawa ba.

“Kada ki kusance shi da wannan!” in ji Shu'ibu.

“Kai Shu'ibu, da aka kawo ni gidanku ko wando ba ka iya ɗaurawa ba. Tuwon nan da kake gudu shi ya tsirar maka da gemun da kake kaɗa mini. Matsa.”

Ta durƙusa a gaban mijinta, ta buɗe faifai. Ta cika ludayi ta sha a gaban kowa, ta sake cikawa ta sha, ta goge baki. Sannan ta cika na uku ta miƙa masa.

Ya kawar da kai. Da ƙyar muryarsa ta fito. “Kwana ɗaya ya rage. Don Allah.”

“Kwana ɗaya na me?”

Ya ƙara kawar da kai.

A shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaka, balle a bainar jama'a. “Umara!” ta ce, har makaɗan da ke nesa suka juyo. “Ko ka sha, ko ka faɗa musu abin da ya hana ka sha. In ka ƙi duka biyun, wallahi daga nan ba gidanka na nufa ba, kuma sunan mai sammu zai bi 'ya'yanka mata har ɗakunansu. Kai an yi maka dariya wuni guda, ka kasa ɗauka. Ni kwana talatin da tara ana tofar da yawu in na wuce, kana ji, kana tsintar kifi a miyata.”

Ba ta janye ludayin ba.

Umara ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya dubi gorarsa da ke can tana lilo ita kaɗai a ruwa. Ya runtse ido.

“Bakari ne,” ya ce. “Wanzamin nan na Barno da ya sauka a kasuwar Auyo. Na kai masa kukan tumbi. Ya ce in bar duk abin da ya fito daga rumbu kwana arba'in, in ci na ruwa da na ganye. Ya ce in na gaya wa ko da matata, magani ya karye.” Ya buɗe ido ya dubi Shu'ibu. “Ba ta yi mini komai ba. Ni na yi wa kaina, don in hau gora.”

Wani tsoho daga baya ya ce, “Ashsha. To ai da ka ce azumin tuwo kake, da mun ci naka mun gode.” Wasu suka fara murmushi, suka dubi 'Yar'azumi, murmushin ya koma ciki.

Umara ya kama ludayin da hannu biyu ya sha. Ya sha na biyu, ya sha na uku. Kafin a jima rawar jiki ta lafa, aka murza masa ƙwauri jijiya ta saki, ya tashi zaune. Iya Larai ta matso tana gyara mayafi. “'Yar nan, ai ka san bakin mutane...”

“Na san shi, Iya. Na san masu shi kuma.” Ta rufe ƙwaryarta ta ɗora a ka. Shu'ibu ya buɗe baki, ta bi ta gabansa kamar kututture ne.

Da la'asar Umara ya dawo gida yana ɗingishi, da tarwaɗa uku a igiya. Ya ajiye a bakin madafa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Gwiwar dai ta yi sauƙi,” ya ce a hankali. “A nan kam wanzamin bai yi ƙarya ba.”

“To. Malmala ɗaya za ka riƙa ci, ba huɗu ba, ka cika da ganyenka. Wannan ba sai an zo daga Barno an gaya maka ba, kuma ba asiri ba ne.” Ba ta dube shi ba, tana tuƙi.

Bayan magariba zaure ya cika fiye da kullum. Har waɗanda ba 'yan unguwar ba sun zo, kowa ya wanke hannu da niyyar ya ci tuwon 'Yar'azumi a gan shi yana ci. Ta ajiye akushi a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta ƙwanƙwasa kamar yadda ta saba. Shu'ibu ya yi wuf ya ɗauko, ya kai gaban yayansa, ya ɗaga murfi.

Malmala ɗaya ce a tsakiyar akushin, ƙarama, daidai cikin mutum guda.

Muryarta ta zo daga bayan zana, a natse. “Na mai gida ne. Sauran ku, in Allah ya kai mu, bayan kwana talatin da tara.”

Umara ya yi bismilla, ya sa hannu. Mutum goma sha ɗaya suka zauna suna kallonsa yana ci.